Me Ya Sa Turawa Ke Sauya Agogo Sau Biyu a Shekara? Tambayoyi da Amsoshi

Masu zuwa gidan kallo a Kano, Maradi ko Garwa sun san abin nan ko da ba su san dalilinsa ba. Wasan gasar zakarun Turai da ake takewa ƙarfe takwas na dare a watan Satumba, da an shiga Nuwamba sai ya koma ƙarfe tara. Mai ɗan'uwa a Landan ma ya sani: wata shida da ɗoriya agogonsu ɗaya, sauran watannin kuma ɗan'uwan yana bayansa da awa guda. Mu ba mu taɓa agogonmu ba, su ne suka taɓa nasu. Ga tambayoyin da aka fi yi a kan wannan al'ada.

Mene ne ainihin abin da suke yi?

Idan sanyi ya fara ja baya sai hukuma ta umarci kowa ya tura agogonsa gaba da awa ɗaya, idan sanyin ya kusa dawowa kuma a mayar da shi inda yake. A Birtaniya da ƙasashen Tarayyar Turai ana turawa ranar Lahadin ƙarshe ta Maris, a dawo da shi Lahadin ƙarshe ta Oktoba. A Landan, ƙarfe ɗaya na dare na bugawa sai a ce biyu ta yi. A Oktoba kuwa idan biyu ta buga sai a koma ɗaya, a sake cin awar nan daga farko. Ke nan akwai rana mai awa 23 a shekara, akwai mai awa 25.

Amurka da yawancin Kanada suna farawa Lahadi ta biyu a Maris, su gama Lahadin farko ta Nuwamba. Kudancin duniya, irin su Niyu Zilan, Chile da wasu jihohin Ostireliya, suna yin nasu a juye, don zafinsu yana zuwa ne lokacin da Turai ke cikin ƙanƙara. Kusan kashi ɗaya bisa uku na ƙasashen duniya ne ke yin haka, kuma yawancinsu a Turai suke. Sin, Indiya, Japan da Saudiyya duk ba sa yi.

Yana ƙara tsawon yini ne?

Ko da minti ɗaya. Rana tana fitowa tana faɗuwa yadda Allah ya tsara mata. Abin da ke motsawa shi ne lokacin da mutane ke tashi da lokacin da suke kwanciya.

Ɗauki Landan a ƙarshen watan Yuni. A agogon asali rana za ta fito wajen ƙarfe huɗu saura kwata na asuba, lokacin da gari duk yana barci an ja labule, ta faɗi takwas da minti ashirin na yamma. Da aka tura agogo, sai fitowarta ta zama biyar saura kwata, faɗuwarta tara da minti ashirin. Wato an ɗebe awa ɗaya ta haske daga lokacin da ba mai amfani da ita, an kai ta bayan tashi daga aiki. Hikimar ke nan gaba ɗaya, kuma a tsakiyar bazarar ƙasar da ke da yini mai awa 16 da rabi, hikima ce mai ma'ana. Rigimar tana gefe-gefe ne, a Maris da Oktoba, inda hasken safe ba shi da rarar da za a ɗiba.

Wa ya fara kawo wannan tunani?

Ana yawan jingina shi ga Benjamin Franklin, masani kuma ɗan siyasar Amurka, saboda wata wasiƙar barkwanci da ya rubuta a Faris a 1784, yana zolayar mutanen birnin cewa da suna tashi da wuri da sun rage ƙona kyandir. Bai ce a taɓa agogo ba. Wanda ya fara ba da shawarar da gaske shi ne George Hudson, ma'aikacin gidan waya a Niyu Zilan mai sha'awar tattara ƙwari, a 1895. Yana son ya tashi daga aiki da sauran haske ya shiga daji. Sai William Willett, wani magini ɗan Ingila, wanda ya buga ƙasida a 1907 yana kukan yadda mutane ke barci rana ta yi sama. Shi ya so a tura agogo minti 80, ashirin-ashirin a Lahadi huɗu na Afrilu. Ya yi ta faman bin 'yan majalisa har ya rasu a 1915 bai ga an yi ba.

Yaƙi ne ya yi abin da ya kasa. Ranar 30 ga Afrilun 1916, ana tsakiyar Yaƙin Duniya na Ɗaya, Jamus ta tura agogonta don ta rage ƙona gawayin kwal. Makonni uku bayan haka Birtaniya ta bi sahu, Amurka kuma a 1918.

An ce don manoma aka yi. Gaskiya ne?

Ba gaskiya ba ne, kuma da manoman Amurka na wancan zamani za su ji wannan magana da ransu ya ɓaci, don su ne suka fi kowa yaƙar dokar. Saniya ba ta san agogo ba, nononta yana zuwa a lokacin da ta saba. Raɓa ba ta bushewa a kan ciyawa don hukuma ta ce ƙarfe takwas ta yi. Amma jirgin ƙasan da ke kai madara birni ya koma zuwa da wuri, 'yan ƙwadago kuma suna tashi daga aiki rana tana sama. Manoma suka matsa har majalisa ta soke dokar a 1919, duk da shugaba Woodrow Wilson ya hau kujerar na ƙi har sau biyu.

Masu son abin tun asali 'yan birni ne: masu manyan kantuna, masu filayen wasa, masu gidajen mai. Mutumin da ya fito daga ofis ya tarar da rana yakan biya kasuwa.

To yana rage shan wutar lantarki kamar yadda ake faɗa?

Nan ne kwalliya ba ta biya kuɗin sabulu ba. A 1916 maganar tana da ƙarfi, domin babban abin da ke cin wuta a gida da yamma fitila ce. Yau ƙwan lantarki ba ya cin komai idan aka kwatanta da na'urar sanyaya ɗaki, firji da na'urar ɗumama gida. Mutum ya dawo gida rana tana dukan rufi, abin da zai fara kunnawa na'urar sanyi ce. Ya tashi cikin duhu da sanyin Maris, zai kunna fitila da abin ɗumi.

Jihar Indiyana ta ba masu bincike dama mai kyau. Kafin 2006 wasu ƙananan hukumominta suna sauya agogo, wasu ba sa yi, sai aka tilasta wa kowa. Matthew Kotchen da Laura Grant suka kwatanta takardun kuɗin wuta na gidaje kafin da bayan dokar, suka tarar shan wuta ya ƙaru da kusan kashi 1 cikin 100, abin da ya kai kimanin dala miliyan 9 a shekara. Ma'aikatar makamashi ta Amurka kuma, da ta auna makonni huɗun da aka ƙara wa watannin tura agogo daga 2007, ta sami ragin kusan rabin kashi ɗaya cikin 100 a kowace rana ta waɗannan makonni. Wani ya ga ƙari kaɗan, wani ya ga ragi kaɗan. Brazil ta daina a 2019, Meziko a 2022 ban da garuruwan kan iyakarta da Amurka, kuma duk biyun sun kafa hujja da cewa tanadin bai taka kara ya karya ba.

Ke nan ba shi da wani amfani?

Yana da shi, kuma bai kamata a raina ba. Wanda bai taɓa zama inda rana ke faɗuwa ƙarfe huɗu saura na yamma a Disamba ba, da wuya ya gane yadda mutanen can ke ɗokin hasken yamma. Yara su dawo daga makaranta su buga ƙwallo a waje, tsoho ya taka zuwa kanti ba tare da fargabar duhu ba, mace ta sauko daga motar haya ta isa gida ana ganin fuskar kowa.

Akwai ma hujja ta lissafi. Jennifer Doleac da Nicholas Sanders sun duba alƙaluman 'yan sandan Amurka suka ga fashi yana raguwa da kusan kashi 7 cikin 100 bayan an tura agogo, kuma a awar nan da da duhu ce ta koma haske, ragin ya kai kashi 27. Ɓarawo yana son duhu da mutane a kan titi a lokaci guda, ƙarfe shida na safe kuwa shi ma yana barci. Haka nan hanya ta fi cika da yamma fiye da safe, direbobi sun gaji, don haka hasken yamma yana ceton masu tafiya a ƙasa.

Awa ɗaya kacal, har ta isa ta cutar da lafiya?

Ga mutum ɗaya mai ƙoshin lafiya, kwana biyu uku na hamma ne. Amma idan aka rage wa mutum miliyan ɗari uku barci a dare ɗaya, dole a ga alama a asibiti da kan titi.

Jiki yana da nasa agogon, hasken safe ke saita shi. An ce maka ka kwanta da wuri, barci ya ƙi zuwa don jiki bai yarda dare ya yi ba, ƙararrawa kuma ta tashe ka da wuri. Bincike a Amurka ya nuna ma'aikata suna rasa kimanin minti 40 na barci a daren da ke biye da sauyin Maris, kuma masu haƙar ma'adinai sun fi jin rauni a Litinin ɗin. Masana a jami'ar Kolorado sun bi haɗurran mota na sama da shekara ashirin, suka wallafa a 2020 cewa haɗarin da ake rasa rai yana ƙaruwa da kashi 6 cikin 100 a makon da aka tura agogo, kuma ya fi muni a yammacin kowane yankin da ke bin agogo ɗaya, inda gari ke makarar wayewa.

Maganar bugun zuciya ita aka fi yayatawa, don haka a faɗe ta daidai. Wani bincike a asibitocin jihar Mishigan a 2014 ya ga ƙarin kashi 24 cikin 100 ranar Litinin ta bayan sauyin Maris, da ragin kashi 21 ranar Talata ta bayan na kaka. Sai dai jimillar mako ba ta canza ba. Abin da hakan ke nunawa shi ne rashin barcin ya gaggauta ciwon ga wanda dama yana bakin gaɓa. Wannan ma ba ƙaramin abu ba ne idan mahaifinka ne.

To me zai hana a tura agogon a bar shi haka har abada, kowa ya huta?

Wannan ce shawarar da kowa ke fara kawowa, kuma an gwada ta sau uku a manyan ƙasashe, sau uku ana janyewa.

Birtaniya ta gwada daga 1968 zuwa 1971. A kudu abin da sauƙi, amma a Sikotland rana ba ta fitowa a Disamba sai wajen ƙarfe goma na safe. Yara suna tafiya makaranta da ƙyallen da ke ƙyalli ɗaure a hannu don mota ta gan su. Magina, masu raba wasiƙu da masu kiwo suka yi ta kuka. Alƙaluma sun nuna haɗarin yamma ya ragu fiye da yadda na safe ya ƙaru, amma a daidai lokacin aka fara gwada numfashin direbobi masu shan giya, sai aka kasa raba wanne ya jawo wanne. Majalisa ta soke gwajin.

Amurka ta gwada a Janairun 1974, bayan ƙasashen Larabawa sun hana ta mai. Kafin a fara, kashi 79 cikin 100 na jama'a suna goyon baya. Zuwa Fabrairu sun koma 42. Iyaye sun ga 'ya'yansu tsaye a bakin titi cikin duhu da tocila suna jiran motar makaranta, ga rahotannin yaran da mota ta kaɗe a Fulorida. Watan Oktoba bai ƙare ba aka janye.

Rasha ta yi nata a 2011 zamanin shugaba Dmitry Medvedev. Mutanen Masko suka riƙa shiga ofis, su yi awa guda suna aiki kafin rana ta leƙo wajen ƙarfe goma. A 2014 Vladimir Putin ya mayar da ƙasar kan agogon asali, aka daina sauyi kwata-kwata. An yi gudun gara an faɗa gidan zago, sannan aka gano hanya. Turkiyya dai ta tsaya kan agogon bazara, wato wanda aka tura gaba, tun 2016, kuma duk hunturu sai iyayen yara a Istanbul sun tada maganar duhun safiya.

Me ya sa ba a yi a Najeriya da Nijar?

Ba abin da za a ɗiba. A Kano yini mafi tsawo bai kai awa 13 ba, mafi gajarta kuma ya haura 11. Rana tana fitowa tsakanin shida da bakwai saura duk shekara. A tura agogo gaba, yara za su tafi makarantar boko gari bai gama wayewa ba, a cikin hazon hunturu, ba don komai ba. Sannan wa ke neman ƙarin rana a Sakkwato ko Agadas a watan Afrilu? Jira ake ta faɗi a shimfiɗa tabarma a waje.

Mutanen Arizona ma haka suka gani. Jiha ce ta hamada a Amurka inda zafi ke haura digiri 40, kuma tun 1968 ta ce a kai kasuwa, in ban da yankin ƙabilar Navajo. Hawaii ma ba ta yi.

Akwai ƙasashen Afirka da ke taɓa agogonsu?

Masar ce babba, kuma ta sha shiga da fita: ta daina a 2011, ta dawo a 2014, ta sake dainawa, ta sake dawowa a 2023 saboda matsalar makamashi. Yanzu tana turawa Juma'ar ƙarshe ta Afrilu zuwa ƙarshen Oktoba. Iyayen ɗalibanmu na Azhar su lura, Alƙahira tana gabanmu da awa ɗaya a hunturu, awa biyu a bazara. Maroko ta yanke a 2018 ta zauna kan agogon da ya yi daidai da namu, ta riƙa ja baya da awa ɗaya idan Ramadan ya zo. Hausawan Sudan kuwa sun ɗanɗana da kansu: a shekarar 2000 gwamnati ta tura agogo gaba da awa ɗaya don mutane su riƙa sammako, aka zauna haka har Nuwamban 2017 kafin a mayar.

Yana shafar sallah da azumi?

Lokacin sallah da rana yake tafiya, hukuma ba ta da hannu a ciki, kuma awannin azumi ba sa ƙaruwa ba sa raguwa. Abin da ke sauyawa shi ne yadda ibada ke haɗuwa da lokacin aiki. A Landan azahar tana shiga wajen sha biyu a hunturu, wajen ƙarfe ɗaya a bazara, don haka masallatai da yawa suna matsar da huɗubar Juma'a, ma'aikaci kuma ya sake neman izini wurin shugabansa. A 2023 da 2024 sauyin Turai ya faɗo cikin Ramadan: jiya an sha ruwa shida da rabi, yau bakwai da rabi, gobe kuma aiki yana nan ƙarfe tara bayan tarawihin da ta ƙara yin dare. Wannan ne dalilin Maroko na ja da baya a Ramadan. Masar ma a 2010 da 2014 ta dakatar da agogon bazara saboda azumi, har aka sauya agogo sau huɗu a shekara ɗaya.

Abin da ya faru a Labanon a Maris 2023 ya isa darasi. Kwanaki kaɗan kafin ranar sauyi, firaminista Najib Mikati ya ɗage shi zuwa bayan azumi. Cocin Maroniyawa, babban cocin Kiristocin ƙasar, da wasu makarantu da gidajen talabijin suka ƙi, suka tura nasu. Ƙasar da ba ta kai jihar Kano girma ba ta wayi gari da agogo biyu, mutane suna tambayar juna ƙarfe nawa a wurin wa. Cikin 'yan kwanaki gwamnati ta janye.

Tunda an gaji, me ya hana a daina?

Kowa ya yarda a daina, ba a yarda da inda za a tsaya ba. A 2018 Tarayyar Turai ta nemi jin ra'ayin jama'a, mutum miliyan 4.6 suka amsa, kashi 84 cikin 100 suka ce a daina, ko da yake mafi yawan masu amsar Jamusawa ne. Majalisar Turai ta amince a Maris 2019 cewa a tsaya a 2021. Sai maganar ta maƙale wurin gwamnatoci. Daga Sifaniya zuwa Poland agogo ɗaya ake bi, alhali rana tana fitowa a Warsaw da dogon lokaci kafin Madrid, don haka abin da ya yi wa wannan daɗi ya cuci wancan. Ba kuma wanda ke son jirgin ƙasa ya sauya lokaci a kowace iyaka.

A Amurka majalisar dattawa ta amince da ƙudirin sanata Marco Rubio na dawwamar da agogon bazara a Maris 2022 ba tare da ko mutum ɗaya ya ƙi ba. Majalisar wakilai ba ta ko kaɗa ƙuri'a a kansa ba.

In da za a zaɓa, wanne ya fi?

A ganina agogon asali, wanda rana ke tsayawa tsakar ka kusa da sha biyu. Ƙungiyar likitocin barci ta Amurka ma wannan ta zaɓa a matsayar da ta fitar a 2020, don hasken safe ne ke daidaita jiki, hasken dare kuma yana kore barci, musamman ga matasa. Masu kanti da masu son shaƙatawa za su yi asara, gaskiya ne, kuma maganar fashin yamma tana da nauyi. Amma wanda ke biyan kuɗin duhun safe shi ne yaro ɗan makaranta, mai shara, direban bas da ma'aikaciyar jinya, mutanen da ba su da ikon cewa sai ƙarfe goma za su fito. Ofishin da ke son ma'aikatansa su more yammacin bazara yana iya buɗewa da wuri a watannin nan, ba sai an taɓa agogon asibiti da tashar jirgi ba.

Ni da nake nan gida, me ya kamata in kiyaye?

Daga ƙarshen Maris zuwa ƙarshen Oktoba Landan daidai take da Najeriya, Nijar, Kamaru da Cadi, Faris da Balin kuma suna gaba da awa ɗaya. A sauran watannin Landan ta koma daidai da Gana, Faris da Balin su zo daidai da mu. Niyu Yok tana bayanmu da awa biyar a bazara, shida a hunturu. Makka ba ta motsi, awa biyu take gabanmu kullum.

A fi yin hattara da makonni biyu ko uku na Maris da mako guda na ƙarshen Oktoba, lokacin da Amurka da Turai ba su sauya tare ba. Nan ne ake makara a darasin intanet da ganawar neman aiki. Idan an ba ka lokaci, tambayi agogon wane gari ne. Tikitin jirgi yana nuna lokacin garin da za a tashi da na garin da za a sauka, kowanne da nasa. Wayar hannu tana gyara kanta idan an bar ta a kan saitin da take ɗaukar lokaci daga layin sadarwa, agogon hannu da na bango kuwa sai an juya su. Mai shan magani a kan ƙa'idar awanni, kamar allurar ciwon suga, da zai yi tafiya a irin wannan mako, ya tambayi likitansa tun kafin ya tashi.